Salansar Yaya

Yayana mutum ne da ko atishawa zai yi sai ya duba ko akwai wanda zai damu. Shagon tabarau gare shi, ya yini yana goge gilashi yana magana ƙasa-ƙasa. Shi ya sa mutanen layinmu suka kasa gane yadda aka yi ya mallaki motar da ta fi kowace mota rashin kunya a gari.

Ni na san yadda aka yi. Kunnen Ummanmu ya yi nauyi, har ta daina kunna rediyo, ta rage hira, sai dai ta yini a kujerarta ta ba taga baya. Rannan salansar tsohuwar motar Yaya ta huje saboda tsatsa, ya dawo gida da yamma tana ta rugugi, shi kuma kunya kamar ya nutse. Sai kawai Umma ta ɗago kai ta ce, "Wa ya zo da mota?" Na saki cokalin da ke hannuna. Rabon da ta ji wani abu da kanta, ba tare da an tsaya a kanta ana ihu ba, har na manta. Ta miƙe ta ɗora masa shayi tana dariya, ni kuwa na shige kicin na sha kukana.

Washegari Yaya ya kai motar garejin Sai-Gobe, bakaniken da bai taɓa gama aiki ranar da ya ce ba. Maimakon ya ce a toshe hujin, sai ya ce a ƙara masa. Ai kuwa ya haɗu da daidai shi. Sai-Gobe ya cire salansar ya jona wani ƙaton bututu, sannan ya ce bututu irin wannan ba ya tafiya da ragon inji, dole a ƙara wa injin ƙarfi. Da aka ƙara, ya ce motar za ta iya tashi sama, dole a sauke ta ƙasa a kafa mata fiffike a baya. Yaya bai iya cewa a'a ba. Haka ya dawo da abin da ya yi kama da akwatin gawa mai fiffike, yana tuƙa shi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Umma ta samu abin jira. Kullum yamma tun yana kwanar layi take cewa, "Ga ɗana nan!" Maƙwabta kuwa tsinuwa suke. Mai kantin kusa da mu ya rantse kwalabensa suna tafiya da kansu a kan kanta.

Ba a daɗe ba jami'in hanya ya tare shi, ya kara wata na'ura a bakin bututun, allurarta ta buga ƙarshe ta tsaya tana rawa. Ya ce ƙarar ta wuce abin da doka ta yarda, in ya sake kama shi a haka sai dai motar ta kwana a wajensu. Ya kuma tambaya ko kamfanin inshora ya san da wannan ta'asar. Yaya, da shegiyar gaskiyarsa, ya ce ba su sani ba amma zai gaya musu. Ya kuwa gaya musu! Suka ce za su turo a duba, don motar da aka sauya ba a sanar da su ba, ko kaza ta buge ba ruwansu.

"Yaya, ka mayar da salansar mana," na ce masa.

"To Umma fa?" ya ce. "Me za ta riƙa ji?"

Sai na huce haushina a kan Sai-Gobe. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce abu mai sauƙi, a cusa soson ƙarfe na wanke tukunya a bututun ranar da 'yan inshora za su zo, mota za ta yi lakwas kamar mage, in an tafi a zaro. Yaya ya kwashe duk sosunan kicin ɗina, ya ƙaro na matarsa, ya dandanna su da sandar tsintsiya.

Jami'ar inshora ta zo da hantsi, 'yar tsaf da ita cikin farar riga. Ta zagaya motar, ta ƙwanƙwasa fiffiken, ta dubi Yaya.

"Malam, tsere kake shiga?"

"A'a, ranki ya daɗe. Tabarau nake sayarwa."

"Tashe ta in ji."

Ya murza makulli. Motar ta yi wani gurnani a ciki kamar mai riƙe tari a gaban surukai. Jami'ar ta koma baya ta sunkuya tana leƙa bututun, ta ce ya taka totur. Na ɗaga masa hannu kada ya taka, amma Yaya in aka ce ya yi abu yi yake. Ya taka. Sosunan nan suka fito a jere kamar an harbo su, ɗaya ya wuce ta gefen kunnenta ya faɗa kantin maƙwabci, baƙin hayaƙi ya biyo baya ya wanke farar rigar tas. Daga cikin gida muka ji Umma ta ce, "Yau da wuri ya dawo!"

Matar nan ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi ba ni tsoro. Ta goge fuska, ta zauna a dakalinmu, ta saurari labarin Umma har ƙarshe. Ta ce injin da fiffiken za su iya karɓa in an yi rajistarsu, sai dai kuɗin inshora ya hau. Amma bututun, ko uwarta ce ke jira a bayan taga ba za ta sa hannu ba, don abin da doka ta hana kamfani ba ya ɗauka. Ta faɗa a hankali, kuma na ga ba ta ji daɗin faɗa ba.

Sai-Gobe ya mayar da salansa. Yaya ya dawo da yamma shiru kamar ɓarawo, Umma na zaune ba ta motsa ba. Ya shigo ya gaishe ta, ta ce, "Af, yaushe ka zo?" Fuskarsa ta ba ni tausayi ƙwarai.

Kashegari ina shanya na ga Yaya ya buɗe but ɗin motar ya jawo tsohon bututun. Babban mutum, da riga mai guga, ya lallaɓa ya ɗora bakin bututun a tagar Umma, ya durƙusa ya kafa nasa bakin a ɗaya gefen, ya shiga yin kukan mota. Har giya yake canjawa. Mai kanti ya fito ya tsaya riƙe da baki.

"Ga ɗana nan!" in ji Umma, ta miƙe ta nufi butar shayi.

Ya shigo yana haki, baƙin zobe kewaye da bakinsa. "Umma, kin ji motar?" ya ƙwala mata.

"Na ji mana. Ta ma fi daɗi yau."

Ya juya zai wanke fuska. Umma ta jawo ni kusa, ta kare bakinta da hannu, a zatonta raɗa take, alhali har titi ana jin ta.

"Ban ji komai ba! A gilashin talabijin na hango shi! Kada ki gaya masa, bar shi ya zo gobe!"

Yaya ya tsaya cak a bakin ƙofa, bai waiwayo ba. Can ya fita ya ɗauki bututun, ya goge masa baki da ƙyallen tabarau, ya jingine shi a ƙarƙashin tagar.