Aku Ba Ta Mantuwa

Perrine ta sake cusa bakin wayar lantarkin cikin ramin na'urar waƙarta. Tana sakin ta, wayar ta zame ta faɗi ƙasa.

"Yaya, na shiga uku. Ba ta zama."

"To ki zauna mata ke," in ji Odile, bakinta cike da soyayyen dankali. Yayarta ce, direbar bas a birnin Liège, daga wurin aiki ta zo ko rigar ba ta cire ba. "Kawo nan. Ni zan tsuguna in riƙe mata wuya har ki gama."

"A gaban mutane?"

"Su waye mutane? Tsofaffi uku da biro?"

Tsofaffin ukun su ne alƙalai. 'Yan mata tara suka kira yau da rana zuwa wannan ƙaramin zauren, guda ɗaya za su ɗauka ta buɗe bikin waƙe-waƙen bazara a bakin kogi. Minti bakwai kowa, kuma an rubuta a ƙofa: wadda ta tsaya ta tsaya, babu sakewa.

Perrine ba ta da jita, ba ta da ganga. Bakinta ne kayan kiɗanta, sai wannan na'ura da Odile ke kira Aku. Za ta taka maɓalli da ƙafa, ta yi sauti, ta sake takawa, Aku ta riƙa maimaita shi. A kansa ta ɗora wani, ta ƙara wani, har ka rantse mata goma ne ke waƙa. A kasuwar Lahadi ta bakin kogi ta saye ta kwance, kuma tun ranar maɓallin goge kuskure a mace yake. Wanda ke aiki shi ne mai share komai gaba ɗaya. Shekara huɗu tana waƙa a ɗakin ajiye tsofaffin littattafai na laburaren da take aiki, inda babu mai jin ta sai kantoci.

"Perrine Dehousse!" aka kira.

Ta hau dandamalin. Odile ta tsuguna a gefenta ta danne wayar da babban yatsa. Madam Lambotte, shugabar alƙalan, mai furfura da jan tabarau, ta dubi agogo ta ɗaga kai.

Perrine ta taka maɓallin. Jar fitila ta kama. Ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Hannun da ke riƙe da makirufo ya yi sanyi ya sauka gefen cinyarta, daidai fuskar yayarta.

"Numfasa, shashasha," Odile ta raɗa.

A firgice ƙafar Perrine ta sake taka maɓallin.

Sai lasifikokin zauren suka ɗauka, da murya mai kauri kamar ta mai mura: *Numfasa, shashasha.* Shiru kaɗan. *Numfasa, shashasha.*

Wata daga cikin 'yan matan da ke jira a baya ta tuntsire da dariya, ta toshe baki. Wani namiji cikin alƙalan ya ajiye biro. Odile ta zaro ido, amma ba ta saki wayar ba.

Perrine ta dubi maɓallin sharewa. Taku ɗaya, komai ya yi tsit, ita ma ta tashi daga gasar. Gobe ta koma tura keken littattafai, abokan aikinta su tambaye ta yadda aka yi. *Numfasa, shashasha.* Sau huɗu ke nan. Amma kunnenta, da bai san kunya ba, ya fara ƙirga. Tsakanin zagi da zagi akwai bugu takwas cif. Ashe ma Odile a kan kari ta zage ta.

Ta ja numfashi, tunda an ce ta ja. A cikin makirufo ta ja shi, ta taka, Aku ta haɗiye. Yanzu bayan kowane zagi ana jin wata tana shaƙar iska kamar wadda ta fito daga ƙarƙashin ruwa. Ta ƙyasta harshe sau uku ta ɗora. Ta buga ƙirjinta da tafin hannu ta ɗora. Ta yi gunji can ƙasan maƙogwaro, sannan siririyar murya a samansa.

Waƙar da ta shirya ta tsuntsayen teku ce, ba ta shiga nan. Ta bar ta. Ta rera abin da ya zo bakinta: yarinyar da ke ɓuya a bayan kantar littattafai in an kira sunanta, wadda ke maimaita "sannu" sau goma a zuci kafin ta shiga shagon burodi. Muryarta na rawa, ta bar ta ta yi rawarta. Duk inda ta kusa karyewa, yayarta na nan a lasifika tana jiran ta da zagi.

A minti na shida da rabi ta taka mai sharewa da kanta. Zauren ya yi tsit.

Babu wanda ya tafa. Alƙalan suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Sai da ragowar 'yan matan suka gama, wajen ƙarfe biyar, Madam Lambotte ta fito ta same su a bakin ƙofa, ana yayyafi.

"Ke ce za ki buɗe," ta ce wa Perrine. Ta juya ga Odile. "Muryar farkon nan taki ce, baiwar Allah?"

"Madam, kuskure ne, ki yi haƙuri, ni direba ce..."

"Ranar bikin haka nake so, kai tsaye, ba ɗaukakke ba. Za a ba ki makirufo naki. Mutum dubu biyu ne kawai." Ta buɗe lema ta wuce.

Odile ta tsaya riƙe da Aku a ƙirji. Matar da ke yi wa masu manyan motoci tsawa ta taga, sai ga ta tana in-ina.

"Dubu nawa ta ce? Auta, ni ko a bikin aurena ban iya magana ba. Ki je ki gaya mata ba zan..."

Perrine ta karɓi na'urar daga hannunta kafin ta faɗi.

"Yaya," ta ce a hankali. "Numfasa."