Rigar da Aka Auno a Gilashin Bidiyo

Rigar ta shiga, amma ba ta tsaya ba. Wuyanta ya zame ta kafaɗar hagu, Yaya ta taro shi, ya zame ta dama.

"Tela," ta ce, "mu nawa ka ɗinka wa?"

Tela ya ajiye almakashi. Yayar matarsa ce, shugabar makaranta, kuma ƙarfe huɗu za a yi taron ritayarta. Yadin 'yarta ce ta aiko da shi daga nesa, babu irinsa a kasuwa. Agogon bango ya nuna biyu saura kwata.

"Yaya, yadda ya fito a fim haka na yanka."

Ba ƙarya ya yi ba. Shekara uku ke nan aikinsa ya dogara kan wani ɗan bidiyon tafi-da-gidanka da ke zaune kusa da keken ɗinki, mai murfi kamar littafi. Mace ta kawo faifai ta nuna rigar da take so, ya tsayar da hoton, ya ɗora rula a gilashin ya auna. Tsawonta kawai yake tambaya, sauran lissafi ne. Waya ba ta yi masa ba: hoton ƙarami, ga kira yana shigowa ana tsakiyar hannun riga. Wannan kuwa in ya tsaya ya tsaya, ko gezau, har zaren kalmasa ana gani. Batirinsa ya fi wutar unguwar alkawari.

Ya buɗe murfin. Ga matar fim ɗin tsaye cikin rigar, faɗinta ya cika ƙofa.

"Wannan ba ita ba ce," in ji Yaya. "A gidana siririya ce."

"Ƙila ta samu hutu."

"Cikin faifan?"

Maƙwabcinsa mai gyaran rediyo, wanda kowa ke ce wa Injiniya, ya leƙo da sukuddireba a bayan kunne. Ya dubi rigar, ya dubi gilashin, ya miƙa yatsa ya danna wani ɗan maɓalli a gefe. Nan take matar ta rame. Ƙofar da ke bayanta ma ta rame.

"Mai faɗaɗa hoto ne," ya ce. "Ƙwallo ta fi daɗin kallo a haka."

"Wa ya taɓa shi?"

"Ranar da na ara. Na'ura ce mai kyau, maigida, ba ta manta abin da aka saita mata."

"Yaushe ka ara?"

Injiniya ya ƙirga a yatsu. "Sati uku."

Tela ya koma kan aiki. Ya taimaka wa Yaya ta cire rigar daga kan kayanta, ya shimfiɗa a tebur. Gefe ba matsala, a rage. Amma wuya in an yanke shi ba ya komawa.

"Idan na shiga taron nan da tsohuwar riga," in ji Yaya, "ƙanwata za ta ji dalili daga bakina. Da tsawo."

Tela ya jawo kwalin faya-fayai. Na farko, duk rigunan wuyansu a buɗe. Na biyu fim ɗin yaƙi ne. A na uku wata alƙaliya ta shigo kotu da riga mai kwala tsaye, ya tsayar da ita tana tsakiyar yanke hukunci. Ya ɗora rula. Kafin ya auna, ya kalli Injiniya.

"Hannunka a aljihu."

Ya farke gefen biyu, ya fitar da yadin da ya yi yawa, ya yanka kwala da shi, ya rufe ramin wuyan. Keke ya yi ta gudu. Yaya na zaune a benci tana kallon alƙaliyar da bakinta ya tsaya a buɗe.

Uku da rabi ta sake gwadawa. Ta juya gaban madubi sau biyu, ta ɗaga haɓa.

"Ba ita na ce ba."

"A'a, Yaya."

"Ta fi ta." Ta ɗauki jakarta. "Kada ka gaya wa kowa kuskure ne."

Tana fita, ƙofar ta yi duhu. Wani dogon mutum ne da Tela bai taɓa gani ba, sai da ya sunkuya kafin ya shigo. A kafaɗarsa akwai buhu. Ya sauke shi kan teburin yanka, ya kwance bakin, ya zaro riga shuɗiya ya ware ta. Hannuwansa suka ƙare, rigar ba ta ƙare ba.

"Kai ne telan da ke aiki da fim?"

Tela ya waiga. Injiniya ya riga ya koma shagonsa, har ya rufo ƙofa.

"Matata ce ta aiko ni," in ji mutumin, yana jawo benci. "Ita da ƙawayenta goma sha ɗaya. Suna mota."