Kunnen da ke Sama

Ranar sadakar uku ta mahaifinta Malam Haladu, Asta na tsakar gida tana kwasar tuwo ta ji muryar ƙaninta Sharfaddeen ta tashi a zaure. Ta leƙa ta katanga, sai ga Baba Zakariya tsaye a rana da sandarsa, ƙafa duk ƙura. Daga Gwarzo ya taho garinsu Gammo, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ga mai ya yi wuya, rabin hanyar ma a ƙasa ya tako.

Kirista ne, mutumin Filato, kuma tare suka yi yaƙin basasa da mahaifinta a sojan ƙasa. Su biyu aka ba bindigar mashinga ɗaya, Zakariya na harbi, Haladu na kwance a hagunsa yana ɗura harsashi. Ƙarar ta kashe wa Haladu kunnen dama, ta kashe wa Zakariya na hagu. Shi ya sa duk hirar da Asta ta taso tana gani, sai sun sauya gefe a tabarma kafin su ji juna. Nan za su yi ta musu kan nauyin bindigar da yadda bakinta ke yin zafi har ya ƙona tafin hannu.

"Kabarinsa kawai zan gani," in ji tsohon. "Jibi 'yata Nanret za ta mai da ni gida. Ba na jin zan dawo."

"Ba za ka taka mana maƙabarta ba," in ji Sharfaddeen. "Ya isa haka. Zaman bariki ya ƙare, Allah ya raba."

Ji yaro! Wanda ko kaza aka ce ya yanka sai ya runtse ido, yau shi ne ke hukunci kan mazan da suka kwana a ramin yaƙi. Tun da ya tara gemu yake jin kunyar a ce masa ɗan soja. Dattawan zaure kuwa suka sunkuyar da kai suna jan carbi. Asta ta ji ta tsani ɗan'uwanta, tsana ta gaske. Ta ja mayafi ta fito.

"Kai Sharfaddeen, ba ka da ta ido? Wannan mutumin ne ya goyo Baba a bayansa da harsashi a cinya. Ba don shi ba, da wa zai haife ka?"

"Yaya, koma ciki. Nan ba wurin mata ba ne."

"Ba wurin marasa kunya ba ne kuma."

Sharfaddeen ya miƙe ya tare ƙofa, samari biyu suka tsaya a bayansa. Zakariya ya juya wa Sharfaddeen mataccen kunnensa, ya dubi Asta.

"'Yata, a wane gefe kuka kwantar da shi?"

Tambayar ta ba ta mamaki. "A dama, Baba, yana fuskantar gabas. Haka addini ya ce."

"Madalla. Kunnen mai kyan ne a sama ke nan."

Ya dogara sanda ya nufi maƙabarta a bayan gari, Asta na biye daga nesa, Sharfaddeen na biye da ita yana huci. Tsohon bai shiga ba. Ya tsaya a bakin shingen ƙaya, ya haɗa dugadugai, ya ɗaga murya yadda ya saba yi wa kurman abokinsa.

"Haladu! Ni ne, Zakariya! Ɗanka ya hana ni matsowa, amma na zo!"

Ya karkato kunnen dama wajen kaburbura, ya tsaya yana jira kamar kullum. Sannan ya sara masa irin gaisuwar soja, ya kama hanyar Gwarzo.

Asta ta juyo ta dubi ƙaninta.

"Ka ji dai," ta ce. "An kai ƙararka, kuma ya ji."