Shayin Inna

Ranar wata Talata ce, an wuni ana yayyafi, kujerar roba ta tsage a ƙarƙashin Tela. Ƙafafun baya ne suka baje a hankali, sai ga ta zaune daɓas cikin ruwan bakin shago, tef ɗin awo rataye a wuyanta.

Yaran da suka fake a barandar mai cajin waya ne suka fara ihu. "Randa ta fashe! Randa ta fashe!"

Mai Kitso, wadda shagonta ke manne da nata, ta fito tana dariya har da riƙe ƙugu. "Ke kuwa ƙawata, ban ce a ƙero miki benci wurin mai walda ba? Ko tausayin kujerun nan ba kya ji?"

Tela ma ta dara. Ta daɗe da gane cewa idan ta taya mutane dariyar, abin bai cika zafi ba. Sai da maza biyu suka kama ta kafin ta miƙe, ɗayansu yana nishin ƙarya don a ƙara shewa.

Da ta shiga ciki ta ja labule, ta zare takalmin dama. Gyambon da ke ƙarƙashin babban yatsanta ya jiƙe da ruwan kwata, amma ko zafi ba ta ji ba. Rashin zafin ne ya tsorata ta. Likita ya sha gaya mata cewa ciwon suga ne ke cin ƙafar, ƙiba kuma ita ke ciyar da sugan. Da ƙafar nan take taka keken ɗinki. Da keken take riƙe Inna, mahaifiyarta, da 'ya'yanta biyu tun rasuwar mijinta.

Washegari ta koma asibiti ta ce ta yarda, a yi mata aikin rage tumbi.

*

Babban likitan da ke irin wannan aiki daga wani gari yake zuwa, jefi-jefi, kuma layin masu jiransa da tsawo. Sai da damina ta yi nisa aka sa mata rana. Aka ce ta bar abinci mai nauyi, ta koma romo da ruwa. Ta bi, ko da ƙamshin girkin maƙwabta yana sa ta hawaye.

Abin da ba ta zata ba shi ne, bakunan da suka shekara suna kiran ta Randa su ne suka juya.

"Ki kai kanki a farke ki kamar buhu don kawai ki yi siriri?" in ji Mai Kitso, ta jingina da ƙofar shago tana tsefe gashin roba. "Wa za ki burge? Ƙanwar matar wan maigidana haka aka yi mata. Yanzu ko ruwa ba ta iya haɗiyewa."

"Wacce ke nan?"

"Ba ki san ta ba." Mai Kitso ta yi fari da ido. "Ke dai ki gode wa Allah da halittarki. Kuma in kin rame, wa za mu riƙa tsokana?"

Wata mai kawo ɗinki ta ce an taɓa manta almakashi a cikin wani. Wata ta fiddo ƙullin ganye daga jaka, ta ce shi kaɗai ya isa ya narkar da kitse. Kowa da gawar da ya ji labari, babu wanda ya san sunanta.

An san Tela da abu guda a layin nan: duk rigar da ta ɗinka sai ta bar sarari na faɗin yatsu uku a cikin ɗinkin. Takan ce jikin mutum ba ya zama wuri ɗaya, gara a sami abin saki. Amma a makonnin nan ta yanka wa kanta shuɗiyar riga, ƙarama, daidai matar da take fatan zama. Ba ta bar mata sarari ko kaɗan ba. Duk lokacin da zuciyarta ta karaya sai ta ɗauko ta, ta ƙara mata kalmasa.

Ana gobe aiki, da la'asar, ta zauna za ta sa mata maɓalli. Zare ya ƙi shiga allura. In ba ta farka ba fa? Wa zai tsefe wa Auta, ƙaramar 'yarta, kai? Sai wani tunani ya zo da ya fi wannan ciwo: mutum nawa za su ɗauki makararta? Ta san ko a hanyar maƙabarta sai wani ya yi nishi, wani ya danne dariya.

Ta rataye rigar ba maɓalli, ta rufe shago.

*

Inna ta binne 'ya'ya biyu kafin ta haifi Tela, dukkansu ramammu. A wurinta kumatu su ne rai. Kuma tun ranar da mijinta ya fita aiki bai karya ba, aka dawo da shi a kwance, ta kafa doka: ba mai tsallake ƙofar gidanta da ciki wayam. Ko mai gyaran famfo sai ya kurɓi wani abu.

Gari na wayewa Tela ta fito da jakarta, ta tarar da Inna tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi, ya sha madara har ya yi kauri, da yankan burodi a kai.

"Inna, an ce kada in sa komai a baki tun jiya."

"Abinci suka ce. Shayi abinci ne?"

"Har shayin, Inna."

"Yo su likitocin su suka haife ki? Dubi idonki yadda ya faɗa." Ta miƙo mata kofin. "Babanki ma haka ya ce mini, wai sauri yake. Ki sha, 'yar nan. Kada ki fita mini haka. Ki sha don darajar nonon da na ba ki."

Tela ta san abin da aka gaya mata, ba ta manta ba. Ta dubi hannun Inna, shayin yana zuba kaɗan-kaɗan a kan yatsunta, ba ta ko ji zafi ba. Ta karɓa. Ta ce a ranta kurɓa ɗaya za ta yi don hankalin tsohuwa ya kwanta. Da ɗumin ya sauka a ƙirjinta, sai ta ji wani sanyi, irin na wanda aka buɗe wa ƙofar baya. Ta tsoma burodin. Ta shanye tas.

*

A asibiti rigar aiki ba ta rufe bayanta ba, sai da nas ta ƙaro wata ta ɗaura mata ta baya, ba tare da ta ce komai ba. Wannan shirun ya fi komai taɓa Tela.

"Yaya," in ji nas tana naɗa mata abin awon jini a dantse, "tun jiya ba abin da ya shiga cikinki, ko?"

Tela ta dubi silin. Kalma ɗaya ce, ta faɗe ta a tura ta ciki.

Nas ta tsaya. "Ko maƙwarwa ɗaya ce ki gaya mini. In aka sa ki barci, abin da ke ciki yana iya hawowa ya faɗa huhu. Ba faɗa zan yi miki ba."

"Shayi," in ji Tela. "Da burodi."

Babban likita bai ɗaga murya ba. Ya ce ba zai taɓa ta da abinci a ciki ba, kuma yinin a cike yake, da yamma zai kama hanya. Sai wani zuwan. Aka gungura wata mata a gadon aiki ta wuce ta gabanta, tana addu'a a hankali.

A baranda Inna ta ga 'yarta ta fito da ƙafarta, ta ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi."

Tela ta zauna a benci ta fashe da kuka. Ita kanta ba ta san ko na baƙin ciki ne ko na tsira ba.

*

Kafin layi ya sake zagayowa kanta, yatsan ya yi baƙi, baƙin ya haura. Wuƙar da ta guda ta same ta a wani ɗakin, ta wani gefen: a ƙafar aka yi mata aiki.

Mai Kitso ta zo dubiya da lemo a leda. "Allah dai ya so ki ba a yi miki wancan aikin ba, da yanzu wani labarin ake. Kai, amma gadon nan yana ƙoƙari!"

Wannan karon Tela ba ta taya ta dariya ba.

Inna tana ƙasa a zaune, ta haɗa kai da gwiwa. Tun ranar da likita ya yi mata bayanin abin da fasa aikin nan ya jawo ba ta sake ɗora tukunyar shayi ba, ko don kanta.

Da baƙuwar ta tafi, Tela ta sa Auta ta miƙo mata shuɗiyar rigar. An ce in ƙafar ta warke za a sake sa mata rana. Ta juya rigar ciki waje, ta bi ɗinkin da yatsa daga hammata har ƙasa. Babu abin saki.

Yatsu uku na ƙafar dama sun tafi. Keken takawa an sayar. Shagon kuwa Mai Kitso ta fasa bangon tsakani ta haɗe da nata, ta jera sababbin kujerun roba.