Layin Alli a Kan Noti

Shekara ashirin da shida muna gareji ɗaya da Yaya, ban taɓa ganin ya bar wani ya ɗaure notin kan inji ba. Kai dai ka wanke, ka goge, ka shimfiɗa gasket ɗin da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa, amma notin nan goma nasa ne. Daga tsakiya yake farawa, ya tsallaka nan, ya dawo can, zagaye uku, har ya kai gefe. In ya gama sai ya ja wa kowane noti layin alli, duk suna kallon gaban mota. Da na sayo sifana mai ma'auni, wadda ke yin ƙas in noti ya ɗauru, cewa ya yi in kai wa masu awon hatsi.

Tun ciwon da ya kwantar da shi bara, hannunsa na dama bai dawo daidai ba. Ko kofin shayi sai ya tallafa da hagu. Na sani, matarsa ta sani, amma wa ya isa ya faɗa masa? Sai na koma ɓarawo a garejinmu. Da ya tafi cin abincin rana, in ɗauko sifanata in bi notin, kowanne kuwa sai ya ƙara juyawa kafin ta yi ƙas. Abin yana cin raina.

Ranar da muka haɗa injin motar wata ungozoma, Yaya ya gama ɗaurinsa, ya ja allinsa, ya zauna a benci.

"Yaya, ba za ka je cin abinci ba?"

"Na ƙoshi. Rufe mata inji, baiwar Allah tana sauri."

Tana tsaye da jakarta, ana ta kiran wayarta daga asibitin da ke bayan gari. In motar nan ta fita haka, gasket zai ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai, ta tsaya a inda babu kowa. Na ɗauki murfin na ajiye, na sake ɗauka. Gumi ya jiƙa mini wuya.

"Yaya," na ce, ban iya kallonsa ba, "notin nan bai ɗauru ba."

Ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Wata bakwai ke nan ina dawowa ina tarar da allina ya karkace," ya ce. "Ka ɗauka ciwon har ido ya taɓa?"

Ya taso ya sa mini guntun allin a tafin hannu.

"Daga tsakiya. Kada ka yi gaggawa."

Ina ɗaurewa sifana tana ƙas, ƙas, hawaye suna hana ni ganin notin sosai. Da na ɗago, na hango shi tsugune gaban kwanon wanke kayan inji, inda na shekara ashirin da shida ina tsugunawa. Ya naɗe hannun riga, yana goge murfin da hagu.