Ramin da Mai Kifi Ya Toshe

Kwana uku Mai Kifi bai zauna wuri ɗaya ba. Ƙananan kifayen da yake kiwo a kududdufin bayan gida sai raguwa suke yi, shi kuwa ya riga ya kama ɓarawonsa: wani shuɗin tsuntsu mai dogon jan baki, da ke ɗare bisa wayar lantarki kamar shi ya saye ta. Kowa ya san danginsu da kamun kifi, wace shaida kuma ake nema?

Da safe ya kwaɓa laka, ya hau tsani, ya toshe ramin bishiyar da tsuntsun ke shiga. Ya ji 'yan tsaki na kuka a ciki, ya yi kamar bai ji ba.

Da azahar yayarsa ta biyo daga makarantar da take koyar da ilimin halittu. Ta ga tsuntsun yana ta kaiwa da komowa, yana bugun lakar da baki. Mai Kifi ya ba ta labari, har da ɗan alfahari.

"Kai dai ba ka rabo da gaggawa," in ji ta. "Danginsu kashi-kashi ne. Masu cin kifin a gaɓar ruwa suke haƙa rami. Wannan na kan tudu ne, ko jiƙa ƙafa bai cika yi ba."

"Haba Yaya, dubi bakinsa fa!"

"Kai ma dubi tumbinka, shi ya sa ka zama attajiri? Zo ka gani."

Ta tsuguna a gindin bishiyar, ta tona tarkacen da ya zubo daga ramin da ɗan tsinke. Ƙafafun fara, fukafukan ƙwaro, jelar ƙadangare. Ko ƙaya ɗaya ta kifi babu.

Kunya ta rufe shi. Ya ruga ya jawo tsanin, takalmi ɗaya ya tsinke, bai waiwaya ba. Rana ta riga ta ƙona lakar ta yi tauri. Ya shiga ƙwaƙula da farce har jini ya fito, uwar 'yan tsakin tana shawagi a kansa da fara a baki.

Da ramin ya buɗe ya zura hannu. Akwai ɗumi, amma ba motsi.

"Yaya," ya ce, "hawo ki duba. Ke kin fi ni sani, ƙila barci suke yi."

Ta riƙe masa tsanin da hannu biyu, ba ta hau ba.