Motar Dabo Mai Gado

Dabo na Kwandiko bai taɓa cewa a sayo masa ɗaki ba. Mota ya ce. Shekara shida yana noman riɗi yana ƙuntata wa bakinsa, sannan ya kira ƙanen matarsa Saifullahi, mai zuwa Kwatano sayo motoci, ya ce ƙaramar bas yake so mai cin mutum goma, wadda zai riƙa lodi daga Gwaram zuwa Birnin Kudu. Saifullahi ya yi kwana goma sha tara, ya dawo da wata fara doguwa mai labule a tagogi.

Da aka zuge ƙofar, mutanen da suka zo sa albarka suka leƙa ciki. Babu kujera ko ɗaya a baya. Gado ne shimfiɗe da katifarsa, ga kabad, ga murhun gas, ga wani ɗan famfo da kwanon wanke hannu.

"Fasinjan a ina zai zauna?" in ji Dabo.

"Yaya, injin za ka duba," in ji Saifullahi. "Wata tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, sau ɗaya take fita da ita a shekara."

Allah ya ja kwanan tsohuwar nan, don duk motar da ta fito daga Kwatano ita ce ta riƙe ta. Liman ya yi addu'a, ya danna katifar da yatsa, ya ce ta fi tasa, aka watse.

Alhaji Ɗanjuma, shugaban direbobin tashar Gwaram, ya leƙa ciki sau ɗaya ya fito. Ya ce akwai gurbi a layi, zai riƙe wa Dabo, amma sai an sa kujeru, don su a tasharsu a zaune suke lodin mutane. Iliyasu mai walda a Birnin Kudu kuwa ya ce aikin yini ɗaya ne, a kawo masa ita ranar Laraba.

Ranar Talata da hantsi sai ga Inna Kaltume ungozoma a ƙofar gida, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ce Basma ce, matar mai shayi, tun asuba abu ya ƙi, sai an dangana da asibiti. To a Kwandiko in haihuwa ta gagara, a mashin ake ɗora mace, mutum gaba mutum baya, a yi ta addu'a har bakin titi. Ga kuma mota da gado a ƙofar gida. Wa zai ce a'a? Dabo ya ɗauko makulli. Basma ta je Birnin Kudu a kwance, ta sauka lafiya, namiji. A hanyar dawowa Inna Kaltume ta zauna bakin gadon, ta murɗa famfon, ta ga ruwa ya zubo, ta murɗe.

"Wannan ta yi," in ji ta.

"Gobe za a cire gadon, Inna."

"Ka bari Ummussalma ta sauka tukuna. Saura mako biyu."

Dabo ya bari. Ummussalma ta sauka, sai ya zamana Hawwa ce saura mako biyu. Inna Kaltume ba ta san boko ba, amma duk wani ciki da ke garin tana riƙe da watansa a ka, kuma ikon Allah, ba a taɓa wayar gari babu wadda ya rage wa mako biyu ba. Har daga ƙauyukan kusa aka fara bugo waya. Ita take ɗagawa, don lambarta aka sani, ta ce motarmu tana nan tafe.

Da lokacin yin inshora ya zo, Dabo ya je wurin wani jami'i mai suna Zulkifli a Birnin Kudu. Zulkifli ya zaro takarda ya gyara tabarau.

"Ta gida ce ko ta haya?"

"Don haya na saye ta."

"Kujera nawa?"

"Biyu. Da gado."

Zulkifli ya fita ya duba motar, ya dawo ya zauna. "Wa kake ɗauka?"

"Mata masu naƙuda."

"Nawa suke biya?"

"Haba Malam, wa zai karɓi kuɗin mace a wannan hali? Bayan suna dai akan aiko mini da zabuwa. Wani lokaci da naman ƙauri."

Zulkifli ya bi takardar layi-layi har baya, bai ga gurbin zabuwa ba. Ya rubuta ta gida ce, ya buga hatimi, ya ce ranar da aka sa kujeru a dawo a yi ta haya, kafin nan kuwa in ya ɗauki fasinja wani abu ya faru, babu ruwan kamfani.

Sai dai mota ba ta san zumunci ba. Mai take sha, wata-wata tana neman juyen baƙin mai, tayoyin da suka saba titin Turai kuma hanyar Kwandiko ta cinye biyu kafin damina ta tsaya. Wata rana fitilar gaban direba ta kawo wani rubutu da ba Turanci ba ba Larabci ba, bakanike uku suka taru a kai, a ƙarshe suka liƙe wurin da baƙin salatif. Riɗin bana ya bi ta tanki ya fita hayaƙi. A tsakar gida kuwa zabi goma sha ɗaya ne, ba sa barin kowa ya ji maganar wani.

"Malam," in ji Mero matarsa, "ni dai ban taɓa jin gidan man da ke karɓar zabuwa ba."

Maganar ta yi masa zafi don gaskiya ce. Ga shi Alhaji Ɗanjuma ya aiko cewa ya gaji da riƙon gurbi: in motar ba ta shiga layi ranar kasuwa mai zuwa ba, zai ba wa wani. Dabo ya ji tsoro sosai, don in layin nan ya kuɓuce, shekara shidan nan sun tafi a banza ke nan. Ya tarar da Inna Kaltume tana tsinkar zogale, ya fara jan zance, ta katse shi ba tare da ta ɗago ba.

"Nasiha matar Abdulsamad saura mako biyu."

Dabo ya juya ya koma gida. Washegari da sassafe ya tura motar da hannu har bayan masallaci kafin ya tayar, don kada ta ji ƙarar injin. Iliyasu ya kwance gado, ya fitar da kabad da murhu da famfo, ya jingine su jikin katangar gareji. Ya kawo kujeru layi uku na wata bas da ta mutu, ya bi ƙafafunsu da walda har ƙasa, ya ce ko giwa ta zauna ba za su motsa ba. Dabo ya koma wurin Zulkifli aka yi masa ta haya. Kwana uku yana zagaye ƙofar gidan Inna Kaltume ta lungu.

Ranar kasuwa 'yan kamasho suka cika masa mota kafin hantsi ya dubi ludayi: mutum goma, buhun gero biyu, da akuya a ɗaure. Dabo ya yi murna irin wadda ya daɗe bai yi ba. Ya yi bisimilla ya sa giya, yana amsa barka daga direbobi.

Ba su yi nisa ba ya hango mashin yana fitowa titi daga hanyar garinsu, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Abdulsamad ne a gaba, Inna Kaltume a baya, Nasiha a tsakiya kanta a langaɓe, ƙafarta ɗaya tana jan ƙasa. Mako biyun ya zama kwana huɗu.

Dabo ya taka birki. Fasinjojin suka duba, suka fara sauka babu wanda ya ce su sauka, har mai akuyar. Aka zuge ƙofa, Inna Kaltume ta ga kujerun. Dabo ya kama ta tsakiya ya jijjiga da ƙarfinsa duka, amma Iliyasu ba ya aikin banza. Dole aka lanƙwasa Nasiha a layin baya, gwiwoyinta a naɗe, tsohuwar ta durƙusa a matse tsakanin kujeru tana tallafe da ita. Duk ramin da taya ta faɗa sai Nasiha ta yi ƙara. Har suka isa Birnin Kudu Inna Kaltume ba ta ce masa uffan ba, shi kuwa da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Ya zauna gindin darbejiya a ƙofar asibiti har aka kira la'asar. Can Inna Kaltume ta fito tana gyara mayafi.

"Uwar tana nan," in ji ta. "Yaron bai zo da rai ba."

Dabo ya yi salati, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ba kai ba ne, kada ka ɗora wa kanka. Tun a gida motsinsa ya tsaya." Ta dubi motar. "Amma aiki aka yi mata. Jibi za su sallame ta, kuma ba za ta iya zama ba."

Daga nan gareji ya wuce. Ya tarar an sauke gadon an shimfiɗa shi a inuwa, Iliyasu yana kai rashe-rashe, hula a fuska.

"Tashi," in ji Dabo.

Iliyasu ya ɗaga hular. "A'a, Malam Dabo, har ka juyo? Yaya kujerun?"

"Yanke su za ka yi."

"Layin naka fa? In ka fita yau, Alhaji ba zai sake ba ka ba."

"Na sani," in ji Dabo. Ya naɗe hannun riga ya kama ƙarshen gadon. "Kama can."